Kofin Ruwan da Kawu Ya Bari

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, sau biyu aka koma coci ɗebo benci, duk da haka mutane da yawa a tsaye suka yi gaisuwar. Matan zumunta suna tsakar gida suna waƙa a hankali, maza suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, layin ya cushe har masu adaidaita suka haƙura suka riƙa zagayawa ta baya. Na san Kawu mutumin mutane ne, amma ban taɓa zaton mai aikin famfo zai tara Samaru haka ba.

Limamin masallacin bayan layinsu ya zo da jama'arsa. Ya ce famfunan alwalarsu Kawu ne ya sa su, kuma duk safiyar Juma'a sai ya biyo a kekensa ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya gaisa, ya wuce. Wani Ibo mai shagon bututu a Sabon Gari ya fara magana da dariya, ya ƙare da kuka. Ya ce tun yana saurayi yake sayar wa Kawu kaya, kuma Kawu bai taɓa sayen bututu ba sai ya shimfiɗa shi a ƙasa ya taka a gaban sauran masu saye. In ya lotsa, sai ya miƙa masa abinsa. Ya ce tsoron ƙafar nan ne ya raba shi da kawo kayan banza. Mahaifiyata kuwa, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka ba. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, duk wanda ya durƙusa ya yi mata gaisuwa sai ta tambaye shi ko an tuna an rufe tankin gidan.

Magana ɗaya ce ta riƙa dawowa a bakin mutane, wai dattijon nan bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ni ina zagayawa da tire ina raba ruwa, duk wanda ya faɗi haka sai in sunkuyar da kai. Akwai kofin ruwa da na miƙa masa a gidana ya ƙi sha, ya ajiye shi a kan bulo ya tafi. A wurinmu baƙo yana iya ƙin abinci a ce ya ƙoshi, amma wanda ya ƙi ruwanka ya gama gaya maka abin da ke ransa. Shekara biyu na yi ina tsoron kada ɗayanmu ya bar duniya Kawu bai sake shan ruwa a gidana ba. Ina rubuta wannan ne domin 'ya'yana, waɗanda iyakar saninsu da shi tsoho ne mai keke da alewa a aljihu.

A hannunsa na tashi. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Kawu ya kwaso mu da Mama ya ba mu ɗaki a gidansa, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba, har wajen bulala. A sashen ruwa na wata ma'aikata ya yi aiki har ya yi ritaya. Yana da wani dogon sukudireba da ba ya rabuwa da shi. Sai ya dafa bakinsa a jikin bango, ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido, ya ce kowa ya yi shiru. Mukan yi ta ƙunshe dariya, shi kuwa sai ya buɗe ido ya nuna wani wuri da yatsa, a fasa, a tarar da ruwa yana tsatstsafowa.

Matarsa, wadda muke kira Mama Babba, takan ce in an je gidan biki aka nemi Kawu aka rasa, a zagaya bayan banɗaki, yana can yana kallon bango. Ba ƙarya ta yi masa ba. Akwai ranar Lahadin da ya tashi ana tsakiyar wa'azi ya fita, saboda famfon bayan coci yana ɗiga kuma shi kaɗai yake jin sa. Da dattawa suka yi masa magana, cewa ya yi Allah ma ya san ba zai ji wa'azin ba muddin abin nan yana ɗiga. Matan da mazansu suka rasu kuwa, ba gyara musu kawai yake yi ba. Sai ya danƙa wa mace sifana a hannu, ya tsaya a kanta har sai ta iya canza robar famfo da kanta, don kada ta zauna jiran wani. Ni ma haka ya yi mini tun ina aji shida, ina kuka ina murɗawa.

Da hannunsa ya fara rawa ya daina karɓar aiki, sai mutane suka koma zuwa neman shawarar wanda za su ɗauka. Kawu ba ya saurin kama suna. Yakan ce ka sa mai aikin ya kai ka gidan da ya yi wa aiki damina biyu da suka wuce. In kun je kada ka tsaya kallon ƙyalƙyalin tayil, ka zagaya ka duba bayan bangon, sannan ka tambayi matar gidan, domin ita ke share ruwa, maigida bai san komai ba. Yakan ce ka bi shi kasuwa da ƙafarka ku sayi kayan tare. Kada ka yarda a shafa siminti sai an cika tanki, an rufe duk famfuna, ruwa ya kwana uku a cikin bututun suna a buɗe kowa yana gani. Ka zuba bokitin ruwa a daɓen banɗakin ka ga ko zai nemi magudana da kansa. Ka sa ya zana maka inda kowane bututu ya bi. Amma wadda ya fi nanatawa, har muna riga shi ƙarasawa, ita ce:

"Kada ka ɗauki wanda kake jin kunyar ce masa ya fasa ya sake."

Wannan ɗin ce na take, ni da na haddace ta.

Mun yi gini a Dogarawa. Gwiwoyin Mama sun riga sun gaji, shi ya sa na dage sai an yi mata ɗaki mai banɗaki a ciki, don ta huta da ratsa tsakar gida da sanda. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa, ginin ya koma hannuna, in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in wuce can. Da aka zo aikin ruwa, maigidana ya ce a ba wansa. Wan maigidana mutumin kirki ne, kuma ba abin da ba ya taɓawa. Yana fenti, yana wayarin, yana tayil, yana gyaran janareto. Aikin famfo ma yana cewa ya iya. Ƙanen miji abokin wasa ne, kina iya ce masa aikinsa bai yi ba ku yi dariya. Wan miji kuwa ko sunansa ba na faɗa, a durƙushe nake gaishe shi, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun ranar na san an yi kuskure, shi ya sa na ɓoye wa Kawu. Mama ce ta gaya masa.

Wata Laraba da la'asar sai ga shi ya tuƙo keke tun daga Samaru, gumi ya jiƙa masa riga. An gama jera bututu a cikin ramukan bango, magina suna kwaɓa siminti za su rufe. Na yi maza na kawo masa ruwa a kofi. Ya karɓa, bai kai baki ba, ya shiga ɗakin Mama da shi a hannu. Ya ga wani guntun bututu a ƙasa ya taka, abin ya baje kamar kara. Irin na saka wayar lantarki ne, ba na ruwa ba. Ya ga inda ya kamata a sa gwiwa mai haɗa bututu a kusurwa, an gasa bututun da wuta an lanƙwasa, wurin ya yi baƙi. Ya nemi makullin da za a rufe ruwan ɗakin shi kaɗai in wani abu ya taso, babu.

Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da wan maigidana gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya roƙe shi a bar ruwa ya kwana uku a ciki kafin a rufe. Fuskar wan maigidana ta canza. Ya ce shi ba yau ya fara aiki ba, in ba a yarda da shi ba a gaya masa ya kwashe kayansa. Da Kawu yake magana, amma inda nake tsaye yake kallo. Magina suka tsaya da shebur a hannu. Na hango maigidana yana jin labari a Kaduna, na hango dangin mijina suna cewa na kawo kawuna ya ci mutuncin babbansu. Sai na ji bakina yana cewa:

"Kawu, ku bar shi. Aikin yanzu ba irin na zamaninku ba ne."

Ya dube ni, ya daɗe yana duba.

"To, 'yata," ya ce.

Ya ajiye kofin a kan bulo. Bai tafi nan take ba, sai da ya bi bangon ɗakin yana aunawa da taƙi, yana motsa baki. Na ce a raina taurin kan tsufa ne. Ya hau kekensa ya tafi, magina suka shafe bangon kafin magariba. Kofin yana nan inda ya bar shi, ƙurar siminti ta rufe ruwan, ni na zubar da hannuna.

Kada wani ya ɗauka gaba ya yi da ni. Da gaba ce ma da ta fi mini sauƙi. A coci yana amsa gaisuwata cikakkiya, yana ba 'ya'yana alewa. Bayan mun tare, duk wata sai ya zo gaida ƙanwarsa, amma a gindin mangwaron ƙofar gida yake zama, Mama ta fito ta same shi. Duk ranar da na kawo ruwa sai ya ce ya gode, ya sha a gida. Na taɓa roƙon Mama ta sa baki, ta ce tsakanina da ubana ne, ita ba ta ciki. Me ya hana ni durƙusawa in ba shi haƙuri? Girman kai ne, ba wani abu ba. Shekarar farko bangon yana bushe ƙayau, har na fara gaya wa kaina ai ni ce da gaskiya, tsoho ne kawai ba ya son a yi abu ba da shi ba.

A shekara ta biyu fentin ɗakin Mama ya fara kumbura yana ɓarewa. Ɗakin ya ɗauki warin danshi, zannuwanta na cikin akwati suka yi fumfuna, shafukan Littafinta Mai Tsarki suka manne da juna. A cika tanki da safe, kafin azahar ya yi rabi ba wanda ya buɗe famfo. Mama ta fara tari. Wan maigidana ya ce ruwan sama ne, a sake fenti. Aka sake, ya sake kumbura, alhali damina ta wuce. Wata safiya na ga Mama ta fito da sandarta tana ratsa tsakar gida zuwa bayin waje, saboda mun rufe ruwan gidan gaba ɗaya. Abin da na yi ginin don in hana ke nan. Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi.

Kunya ba ta bar ni na je wurin Kawu ba, amma wannan karon na bi maganarsa tiryan-tiryan. Na je Sabon Gari wurin mai shagon bututun nan, ya haɗa ni da wani Bayarabe mai furfura, haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi tawa. Na ce ya kai ni gidan da ya taɓa yi wa aiki. Bai ji haushi ba, murmushi ma ya yi. Na zagaya bayan bangon, na tambayi matar gidan, ta yabe shi. Da ya zo gidana ya ciro dogon sukudireba ya dafa a bango ya kara kunne, nan take na san a hannun wanda ya koyi aiki. Ya ce ruwa yana fita ba wuri ɗaya ba, kuma tunda ba wanda ya san inda bututun suka bi, sai an ɓare tayil ɗin banɗakin duka da rabin bangon ɗakin. Mama za ta yi makonni ba ta kwana a ciki ba. Sannan ya tambaye ni ko Baba, wato Kawu, ya ga aikin kafin a rufe. Na ce ya gani. Ya kaɗa kai, ya ce zai dawo gobe.

Washegari ya dawo da wata takarda a ninke. Fallen kalandar coci ne, na watan da abin ya faru. A bayansa an zana ɗakin Mama da banɗakinta da biro, kowane bututu da inda ya bi, taƙi nawa daga ƙofa, taƙi nawa daga ƙasa. Layukan suna karkarwa irin na hannu mai rawa. Wurare huɗu an yi musu alama.

"Baba ya ce tun ranar ya zana," in ji shi. "Ya ce yana jira ne a tambaya."

Ashe awon da na kira taurin kai ke nan. Na ci mutuncinsa a gaban magina, shi kuwa ya tsaya yana auna bangona don ranar da zan buƙata.

Kafin a taɓa bangon sai da na je gidan wan maigidana, na durƙusa kamar kullum, na gaya masa da bakina cewa wani zai fasa ya sake. Ya yi fushin wata guda, ya huce, ba abin da ya faru. Abin da na ji tsoro har na ɓata da Kawu bai wuce haka ba. Wurare uku aka fasa, kowanne aka tarar yana yoyo daidai inda alamar take. Na huɗun a bushe yake, kuma Baba ya aiko a bar shi tukuna. Aka sa bututu na gaske, aka sa gwiwa, aka sa makulli, aka bar ruwa ya kwana uku ina zuwa ina shafawa da hannuna kafin a rufe.

Sai a lokacin na je Samaru. Na tarar da shi a zaune yana shafa wa kayan aikinsa mai, ya rame, don ya fara zuwa asibiti a Shika. Na durƙusa na fara cewa na yi masa laifi, ya katse ni da tambayar ko ruwan ya kwana uku. Na ce ya kwana. Ya tambayi makulli, na ce an sa. Ya ce to, ya koma tambayar yara da makaranta. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Mama Babba ta raka ni bakin titi tana cewa in ba shi lokaci, ai na san kawuna. Na dawo gida zuciyata ta fi da nauyi, domin ni na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na san lokacin nan ba lallai a same shi ba.

Wata Lahadi bayan an tashi coci sai ga adaidaita a ƙofar gidanmu, Mama Babba tana riƙe da hannunsa. Keke ya riga ya gagare shi. Bai tsaya a gindin mangwaro ba, kai tsaye ya wuce ɗakin Mama, karo na farko tun da aka gama shi. Ya dafa tafin hannu a bango. Ya ciro sukudireban ya kara kunne, duk muka yi shiru, wannan karon ba mai dariya. Ya sa aka zuba bokitin ruwa a daɓen banɗaki, ya tsaya yana kallo har ruwan ya gangara magudana ya ƙare. Sannan ya zauna a bakin gadon ƙanwarsa yana mai da numfashi.

Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na kasa kawo ruwa. Na san in ya sake cewa ya sha a gida, ba zan iya ɗauka ba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"'Yata, ba a ba baƙo ruwa a gidan nan ne?"

Na juya zan ruga wajen firji, ya ce a'a, daga wannan famfon yake so. Na tara kofi a famfon Mama, na durƙusa na miƙa masa. Ya shanye tas, ya miƙo mini kofin.

"Ƙara."

Na ƙara. Mama ta juya fuskarta wajen bango tana goge ido da bakin zane. Da ya gama ya nuna kusurwar bayan akwatinta, inda alama ta huɗu take.

"Wancan ma zai zo. Wataƙila ba na nan. Ranar da ya zo, kada ki ji kunyar kowa."

Mako uku bayan nan ya rasu a asibiti, da hantsi, Mama Babba tana gefensa.

Ranar gaisuwar, da mutane suka fara raguwa, na zagaya bayan gidansa na rufe tankin, na zo na gaya wa Mama an rufe. Sai a lokacin ta fashe da kuka. Fallen kalandar yana manne a cikin murfin akwatinta, kuma duk Asabar nakan ja akwatin in dafa hannu a kusurwar nan. Har yau a bushe take.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya hutar da hannuwan nan da suka gaji, ya ta'azantar da Mama Babba da Mama da mu duka da ya riƙe. Masu gaisuwa sun ce bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ni ya riƙe ni shekara biyu, da fushinsa da takardarsa, bai sake ni ba sai da ɗakin ƙanwarsa ya bushe. Bai taɓa ce mini ya yafe ba. Ya ce in ƙara, na kuma ƙara masa.